Goran Kakana a Bahar Maliya

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Alhamis da na je na nuna wa kifayen Bahar Maliya abin da uwata kaɗai ta taɓa gani, ita ma ina jariri. Shekaru sun ja, gemuna ya yi fari, yawancin waɗanda suka shaida abin sun riga mu gidan gaskiya, amma har yau in na bi ta bakin teku sai in ji kamar ruwan ma yana mini dariya. Tun da labarin ya daɗe yana yawo a bakin mutane suna ƙara masa gishiri, gara in ba da shi da bakina.

A lokacin ina saurayi, ina ɗinki a wani ɗan shago a Nuzla, nan Jidda. A nan aka haife ni. Kakana ne ya taso daga Yawuri da ƙafa, shi da kakata, suka yi shekaru a hanya kafin su ƙetaro, suka sauke farali, suka zauna. Ni dai na tashi na ga teku a gefen garinmu kamar gidan maƙwabcin da ba ku shiri: na san tana nan, ban taɓa shiga ba. Iyakacina da ita in je kasuwar kifi in sayo na miya in dawo.

Shagona yana kallon ƙofar gidan Ammu Salihu, wato Baffa Salihu a Larabcin garin, wani dattijo mai ɗan madaidaicin jirgin kamun kifi, irin mai inji. Ammu Salihu yana da 'ya, sunanta Rukayya. Ba zan ɓata muku lokaci da siffanta ta ba. Abin da zan ce kawai, na sha ɗinke hannun riga a wuya saboda ta leƙo zubar da ruwan wanke-wanke. A lungu ɗaya muka tashi, iyaye sun san da maganar, har an bar ni in tsaya a bakin ƙofa bayan la'asar mu gaisa ta bayan labule. Ba a dai tsayar da komai ba, ni kuma ina ta jan ƙafa, don a ganina ba ni da abokin takara.

Ana haka sai Allah ya kawo Bashir. Bahaushe ne ɗan Bur Sudan, dogo, mai faɗin kafaɗa, ga fararen haƙora da ba ya gajiya da nuna su. Aiki ya kawo shi mina, wato tashar jiragen ruwa, inda yake nutso ya kwance igiyar da ta naɗe farfelar jirgi. Ranakun hutu kuma yana bin Ammu Salihu teku.

A shekarun nan mina ta cika ta batse, jirage na jere a kan ruwa wata da watanni suna jiran a sauke musu kaya. Tekun Jidda kuwa cike take da duwatsun murjani da ke kwance a ƙarƙashin ruwa, ba ka ganinsu sai ka hau kansu. Wani jirgin kaya ya hau ɗaya, cikinsa ya yage, mutanensa suka tsira, shi kuma ya kwanta a ƙasa ta gefe guda. Da tafiya ta yi tafiya murjani ya tsiro a jikinsa, kifi ya mai da shi gida. Masunta ne suka fara sanin wurin, don ƙugiya ba ta dawowa haka nan a can. Daga baya Turawan kamfanoni suka ji labari, suka riƙa ɗaukar jirgin Ammu Salihu duk Alhamis ya kai su, su goya tukunyar iska su sauka su yi kallo. (Na daɗe ina mamakin mutumin da zai bar inuwa ya tafi kallon jirgin da ya riga ya lalace.) Bashir ne ke musu jagora, shi kuma ba ya goya komai, numfashi ɗaya yake ja ya sauka.

Kayan da jirgin ya ɗauko tangaran ne, farantai masu zanen shuɗin fure. Wata rana Bashir ya ciro guda, ya kankare shi tas, ya kawo wa matar Ammu Salihu. Wata Alhamis ya kawo wani. Kafin ka ce kwabo an jera su a bangon ɗaki, matan unguwa na sallama suna shiga kallon farantin da ya kwana a ƙasan teku. Kowa ya fito sai ka ji yana cewa, "Ma sha Allahu, yaron nan kifi ne." Duk a kunnena, don ta ƙofar shagona suke wucewa.

An ce kishi kumallon mata ne. Wanda ya faɗi haka bai taɓa zama a shagona ya ga Bashir yana shiga gidan Ammu Salihu kamar ɗan gida ba, ya ci abinci, ya fito yana sakace. Ni da na yi shekaru a lungun iyakata bakin labule. Na rame, na daina cin abinci da daɗi, in na ji muryarsa sai in taka keken ɗinki da ƙarfi don ƙara ta rufe ta. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mutumin kirki ne. Da mugu ne da na sami abin faɗa. Amma kullum sai ya tsaya ya gaishe ni, yana kirana usta, wato gwanin sana'a, har ya kawo mini yadi in ɗinka masa jallabiya. Na auna kafaɗarsa, na sake aunawa ko na yi kuskure, ban yi ba. Na yi niyyar in matse masa hammata, sana'a ta hana ni, rigar ta zauna masa ɗas. Ranar da ya sa ta ya wuce, har matan da ba su taɓa yaba ɗinkina ba suka yaba, ni kuma na shiga cikin shago na zauna ina jin haushin hannuna.

Wata la'asar ina tsaye a bakin labule, Rukayya ta ce, "Bashir ya ce akwai wani kifi a cikin jirgin nan, ya kai girman tunkiya. Wai a ɗakin matuƙi yake zaune, kowa ya zo sai ya leƙo ya dube shi."

Na ce, "Allah Sarki." Da ƙyar ma ta fito.

Sai ta ce, "Kai dai ba ka shiga teku, ko?"

Ba ranar ta fara yi mini wannan tambayar ba, amma ranar na ji ta har cikin ƙashina. Na ce a raina shi ke nan, gori ya fara. Na yi mata sallama a gajarce na koma shago, na yanka yadin wani bawan Allah ba daidai ba.

Bayan magariba maza kan taru a kan benci a ƙofar gidan Ammu Salihu a sha shayi. Ranar Bashir na ba da labarin yadda ya shiga ta wata taga ya fito ta wata, kowa ya saki baki. Ban san lokacin da na ajiye kofina ba.

Na ce, "Ai abin a jini yake. Mu nan da kuke gani jikokin masunta ne. Kakana a Yawuri, Kwara tana cike yake ƙetare ta ya dawo ko haki ba ya yi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ɗinki ne kawai ya riƙe ni."

Ammu Salihu ya dube ni ta saman kofinsa, ya daɗe yana dubana, sannan ya ce, "Tayyib, ya waladi. To, ɗana, Alhamis ka zo mu tafi."

A nan ya kamata in yi dariya in ce wasa nake. Maimakon haka sai na ji bakina yana cewa, "Ammu, a tanadi wuri a bango, babban faranti zan kawo." Baki shi ke yanka wuya, nawa kuwa da almakashi ya zo.

Maganar kakana ba ƙarya ba ce, masunci ne na gaske. Abin da ya rage na sana'arsa shi ne wani ƙaton gora, irin wanda masunta ke shiga kogi da shi. Da shi suka yi doguwar tafiyar nan, suna zuba hatsi a ciki, har ya iso Jidda lafiya. Bayan rasuwarsa Kaka ta rataye shi a ɗakinta, ta mai da shi ma'ajiyar kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da alhazai ke kawo mata tsaraba duk shekara. Tun ina yaro nake jin tana cewa, "Muddin kakanku na tare da goran nan, ruwa bai isa ya ci shi ba." Ni kuwa sai na ɗauka wani asiri ne a jikin goran, wanda ya ɗaura shi ya zama ɗan ruwa. Ban taɓa tambayarta yadda ake amfani da shi ba, kuma yanzu ba halin in tambaya.

Ranar Laraba Kaka ta tafi barkar haihuwa, na sauke goran, na juye kayan miyarta a daro. Na toshe bakinsa da tsumma, na narka kyandir na liƙe. Sannan na zauna a keke na ɗinka masa ɗamara da tamfol, ɗinki kan ɗinki, irin wanda ko jaki aka ɗaure da shi ba zai tsinka ba. Na tsara yadda goran zai zauna a bayan ƙuguna don hannuwana su sami sukunin ɗauko faranti. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to ni jajibere na fafe nawa, har ina yaba wa kaina hangen nesa.

Da safe muka shiga jirgi: Ammu Salihu a wajen inji, Bashir, wani Bature da matarsa, sai ni da gorana a cikin buhu. Rana na ɗagawa goran ya ɗauki zafi, daddawar shekara da shekaru ta fara magana. Baturiyar ta koma can ƙarshen jirgi ta toshe hanci da ɗankwali. Ammu Salihu ya buɗe buhun ya leƙa, ya dube ni.

"Ya waladi, miya za mu kaɗa a teku?"

Na ce, "Kayan gado ne, Ammu."

Ya ce, "Allah ya jiƙan magabata," ya mayar da buhun ya rufe.

Tun kafin gari ya ɓace mana cikina ya fara juyawa, na dake ina kallon sama kamar mai nazarin gajimare. Bashir ya matso kusa da ni ya rage murya yadda ba wanda zai ji.

"Ya zol, bawan Allah, in ka daɗe ba ka shiga ba, ka riƙe igiyar anga ka leƙa kawai. Ba wanda zai ce komai, wallahi."

Yau na san taimakona yake so ya yi. Ranar kuwa abin da na ji shi ne yana tsoron in ƙwace masa suna. Na ce, "Kowa ya ji da kansa." Ya yi murmushi ya miƙo mini tabaransa na ruwa, na karɓa ban ko gode ba.

Muka iso, aka saki anga. Turawan suka goya tukwanensu, suka sa takalman nan masu faɗi irin ƙafar agwagwa, suka sulale. Bashir ya bi su ya nuna musu hanya, ya dawo ya hau ruwa yana jirana. Na tuɓe jallabiya, wanda shi kansa abin kunya ne a gaban wanda nake fatan ya zama surukina, na rage daga ni sai wando da singileti. Na ɗaura goran a bayan ƙugu, na ƙulle ɗamarar a kan tazugen wandona, na ƙara ƙulli a kan ƙulli. Baturen bai yi nisa ba ashe, da ya hango shirin da nake yi sai ya dawo jirgi ya ɗauko abin ɗaukar hotonsa. Na ɗauka girmamawa ce, har na gyara tsayuwa.

Ammu Salihu ya ce, "Ya waladi, tsaya in faɗa maka wani abu game da..."

Ban tsaya ba. Na yi bisimilla na faɗa da ka, kamar yadda na ga Bashir na yi.

Zan faɗi gaskiya, na ga jirgin. Ruwan garau yake, hasken rana na ratsa shi har ƙasa, ga shi can kwance ta gefe, jikinsa duk ya yi furanni ja da ɗorawa da shunayya. Ƙananan kifaye masu launin da ban taɓa gani ko a kantin yadi ba suna shiga ta taga suna fita ta ƙofa. Inda ƙarfe ya ƙare da inda dutse ya fara ba ka iya rabewa. A ɗan wannan lokacin na manta da Bashir, na manta da faranti, na gane abin da ke fito da Turawa daga inuwa.

Sai gora ya tuna da aikinsa. Kaina ya nufi ƙasa, shi ya nufi sama, kuma shi ya fi ni gaskiya. Ya ɗaga ƙuguna ya fito da shi sararin Allah, kaina da kafaɗuna suna cikin ruwa, ƙafafuna na harbin iska. Na yi ƙoƙarin in nutse, ya hana. Na yi ƙoƙarin in ɗago kai, ya hana. Na kai hannu baya in kwance, sai na tarar da ƙullin da na yi da kaina, ga tamfol ya jiƙe ya ƙara kamawa. Ban taɓa tsine wa ingancin ɗinkina ba sai ranar. Na buɗe baki in kira sunan Allah, Bahar Maliya ta shigo. Waɗanda ke sama sun ce abin da suke gani kawai gora ne da mazaunai suna zagaye a kan ruwa, a hankali, kamar ana nuna su ga masu saye.

Bashir ne ya iso. Ya tallafo haɓata ya fito da hancina, na ja iska na shaƙe shi da hannu biyu, saura kaɗan mu tafi tare. Ya lalubi ƙullin ya kasa, ya zaro wuƙar da ke ɗaure a ƙaurinsa ya yanka. Wuƙa ba ta san tamfol ba, ba ta san tazuge ba, ta haɗa su ta raba. Gora ya yi nasa wuri. Wandona kuma, da yake shi ba abin da ya riƙe shi, ya zame ya yi ƙasa salun-alun, ya tafi inda mai shi ya kasa zuwa.

Haka aka jawo ni cikin jirgi, daga ni sai singileti da tabarau. Baturiyar ta fito daga ruwa daidai lokacin, ta dube ni, ta koma. Ammu Salihu ya tsamo goran da ƙugiya ya turo mini shi da ƙafa, fuskarsa na kallon wani wuri can wajen Sudan. Na rungume shi a gabana na durƙusa ina aman ruwan gishiri. Wannan ne amfani na farko da goran ya yi mini a ranar. Dattijon ya kwance rawaninsa ya jefo mini ta bayansa, bai juyo ba, amma ina ganin kafaɗunsa na rawa.

"Halas, shi ke nan, ya waladi, ka rufa. Ma'alesh, ba komai. Teku ba ta da kunya."

Bashir bai yi dariya ba, kuma wannan ya fi komai ciwo. Ya ja numfashi ya koma ƙasa. Can sai ga shi ya ɓullo da wandona a hannu, wai ya same shi rataye a ƙarfen barandar jirgin, wani kifi na shinshina shi. Ya matse shi, ya miƙo mini da hannu biyu kamar mai miƙa wa malami allo. Na dube shi, ruwa na gangarowa daga kafaɗun nan da na auna da hannuna, na ji da za a ba ni zaɓi da na zaɓi ya bar ni na nutse. Mutumin da na fito in kunyata shi ne ya ceci raina, ya kuma ceci wandona.

Abin hoton Baturen irin mai tofo hoto nan take ne. Ya miƙo mini da fara'a, wai kyauta. Kafin in kai hannu Ammu Salihu ya karɓe ya sa a aljihu, ya ce zai ajiye mini amana.

Labari ya riga ni isa Nuzla, ban san ta wace hanya ba. Na tarar da Kaka zaune a tsakar gida, daron kayan miyarta a gabanta. Ta karɓi goran ta jujjuya shi, ta ga bai fashe ba, ta ɓamɓare kyandir ɗin da farce, sannan ta ɗago.

"Kai, ɗan nan, wa ya ce maka da gora ake nutso?"

Na ce, "Ke kika ce muddin yana tare da shi ruwa bai isa ya ci shi ba."

"To, ya ci ka? Ai ga ka nan." Ta girgiza kai. "Kakanka kwanciya yake yi a kansa da ciki, ya yi ta yawo a saman ruwa yana jan komar kamun kifi. Ya ɗauki gora don kada ya nutse, kai ka ɗauka don ka nutse. Da ka tambaye ni ai da na faɗa maka, ko kuwa kishin ne ya toshe maka baki?"

Ashe har ita ta sani. Ashe duk lungun an sani, ni kaɗai nake ganin na iya ɓoyewa.

Na rufe shago na kwanta ciwon ƙarya. Da na gaji na buɗe, sai ga mutanen da ba su taɓa kawo mini ɗinki ba suna tsayawa, wai ko ina ɗinka ɗamarar gora, suna da tafiya. Sunana ya ɓace, na koma Mai Gora. Na sa labule a ƙofar shago don kada in ga gidan Ammu Salihu. Na riga na sallama, ina jiran ranar da za a kawo mini yadin angon in ɗinka, har na fara tunanin in koma Makka wajen ƙanin mahaifina.

Wata la'asar sai ga Ammu Salihu da kansa ya ɗaga labulen.

"Ya waladi, ƙofar gidana ta yi maka laifi ne? Ana ta tambayarka. Yalla, tashi."

Na bi shi kamar wanda za a yanka. Ya bar ni a bakin ƙofa ya shige. Na ji motsi a bayan labule, na kuma ji ana ƙoƙarin danne dariya, ana kasawa.

Rukayya ta ce, "Na ga hoton."

Na ce, "Amanar kenan."

Ta yi dariyarta ta more, ni ina tsaye ina kallon yatsun ƙafata. Da ta lafa sai muryarta ta canza.

"Me ya kai ka? Tsakani da Allah, me ya kai ka?"

Na ce, "Ke ce kullum kike tambayata ko ba na shiga teku."

Ta ce, "Ina tambaya ne don in ji ka ce a'a. Tun ina ƙarama, duk ranar da iska ta tashi, ni da Ummi muna bakin ƙofar nan muna jiran Baba, ba mai iya cin abinci. Na yi wa kaina alkawari ba zan yi wannan jiran a gidan miji ba. Ina so in leƙo in ga mijina a kan kekensa." Sannan ta ƙara da cewa, "Bashir ya aiko neman aurena, tun kafin ka yi cika bakinka a wajen shayi. Na ce a ba shi haƙuri."

Na tsaya kamar an dasa ni. Wato ranar da Bashir ke ba ni shawarar in riƙe igiyar anga, ya riga ya san ni aka zaɓa aka bar shi. Da saninsa ya tallafo haɓata, da saninsa ya koma ƙasa neman wandona. Na ɗauka jin haka zai kashe kishin da nake masa, sai ya ƙara masa wani sabon reshe: da ina kishin kafaɗarsa, yanzu har da halinsa.

Ta ce, "Yanzu ma hankalina ya ƙara kwanciya. Mutumin da aka jefa wa teku ta ƙi karɓa, ai ba na fargabar takaba da wuri."

Bayan hajjin shekarar aka ɗaura mana aure. Bashir ya zo cikin jallabiyar da na ɗinka masa, ya fi ango kyau, ya kawo gudummawa a cikin kwali: farantai masu shuɗin fure, da wani babba a ƙasa, irin wanda na ce a tanadar wa wuri a bango. Ya rungume ni ya ce, "Mabruk, ya usta." Na amsa, na gode masa, kuma har ga Allah na so in ji daɗi.

Farantan sun farfashe ɗaya bayan ɗaya a hannun 'ya'ya da jikoki, babban ne kaɗai ya rage. Rukayya ba ta taɓa yi mini gorin ranar da baki ba. Sai dai duk ranar da na yi baƙi na fara cika baki, ko na soma kushe wani don an yabe shi a gabana, in an kawo abinci sai in ga nawa a cikin babban farantin nan. Baƙi su yi ta yaba zanensa, ni kuma in sunkuyar da kai in ci a hankali.

Abin da na koya bai da yawa. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, nawa keke ne da zare. In kuma kishi ya matsa maka har ka rasa yadda za ka yi sai ka shiga ruwan wani, to ka tambayi tsofaffi yadda ake riƙe gora, kuma kada ka ɗaura shi a kan tazuge.